Babi na Huɗu: Waƙa a Bakin Mai Ita

Abin da kunne ke fara cin karo da shi a tsohon faifan garmaho na ƙasar Masar shi ne ƙarar allura, wani shuuu mai kama da yayyafi a kan rufin kwano. Daga cikin yayyafin sai muryar wani mutum ta ɓullo, ya ambaci sunan kamfanin da ya buga faifan da sunan mai waƙa, da ƙarfi, kamar mai shela a bakin kasuwa. Sai 'yan kayan kiɗa su shigo a cunkushe, sannan mai waƙar ya biyo baya da murya kakkaura mai ɗan kaushi, yana gaggawa kamar wanda aka ce wa lokaci ya kusa ƙurewa. Minti uku ko huɗu allura ta kai tsakiya, magana ta ƙare. A haka muryar Shehu Sayyid Darwish ta iso gare mu, mutumin Iskandariyya da aka haifa a 1892 ya kuma rasu a 1923, wanda Misirawa ke yi wa laƙabi da mawaƙin jama'a. Duk wanda ya taɓa jin taken ƙasar Masar a filin ƙwallo ko a akwatin talabijin ya ji karin da wannan mutum ya tsara. Amma a cikin miliyoyin da ke rera waƙoƙinsa daga Iskandariyya zuwa Halab, kaɗan ne suka taɓa zama suka saurari faifan da ya rera da bakinsa. Abin da wannan babi ke son tabbatarwa shi ne cewa waɗannan faya-fayai, duk da ƙara da gajarta da tsufa, su ne shaidar da ta fi cancanta a gaskata game da shi, kuma mutumin da suke nunawa ya sha bamban da wanda ake ɗorawa a dandamalin bukukuwan gwamnati.

Kafin a gaskata shaida, sai an san a wane hali ya ga abin da ya gani. Kafin 1925 babu makirufo a ɗakin ɗaukar murya, lantarki kuma ba ya cikin aikin. Ana kafa wani babban ƙaho ne, faffaɗan bakinsa yana fuskantar mawaƙa, siririn ƙarshensa yana haɗe da wani ɗan marfi mai karkarwa wanda ke tura allura, allurar kuma tana karta layi a kan faifan kaki da ke juyawa. Ƙarfin muryar mutum kaɗai ke motsa allurar. Don haka mai waƙa yakan tsaya dab da bakin ƙahon. In zai ɗaga murya ya ja da baya kada allura ta yi tsalle, in zai sassauta ya matso har ya kusa cusa kansa ciki. Makaɗa kuwa ana jera su gwargwadon ƙarfin kayansu, mai udu da mai ƙanuni a kusa, masu busa a can baya. Ba a gyara kuskure: wani ya yi tari ko ya saki layi, sai a ajiye kakin a ɗauko sabo a soma daga farko. Daga kakin ake fitar da kwafin ƙarfe, da shi ake buga faya-fayai na wani baƙin ƙaro mai saurin fashewa. Na'urar kurma ce ga amo mai zurfi ƙwarai da mai tsini ƙwarai, tsakiya kawai take kamawa, wato daidai wurin da muryar ɗan Adam take zaune. Tun 1903 kamfanin Gramophone ya fara wannan sana'a a Alkahira, wasu suka biyo sahu. Kamfanoni uku ne suka ɗauki muryar Darwish kansa: Mechian, ƙaramin kamfani na wani ɗan Armeniya mazaunin Alkahira, wanda ya fara ɗaukarsa tun wajen 1914, Odeon na Jamus, wanda ya ɗauki waƙoƙinsa na gidan wasa da yawa a 1922, da Baidaphon na iyalan Baida, 'yan asalin Bairut, wanda ya ɗauki wasu daga cikin manyan waƙoƙinsa a daidai wannan lokaci.

Shekaru tara ke nan ko ƙasa da haka, su ne kuma kusan dukan rayuwarsa ta aiki. An haife shi a Kom el-Dikka, unguwar talakawa, ya yi karatun allo, ya shiga makarantar addini ta Iskandariyya, daga nan ya samo rawani da laƙabin Shehu. Ba shi kaɗai ba ne: manyan mawaƙan zamanin irin su Salama Hijazi da Yusuf al-Manyalawi duk Shehunai ake kiran su, domin a tajwidi da bege suka horar da muryoyinsu. Talauci ya fitar da shi daga makaranta, ya yi waƙa a gidajen gahawa, ya yi leburancin gini yana rera wa magina waƙa don su ji ƙarfin aiki. 'Yan'uwa biyu masu ƙungiyar wasan kwaikwayo, Amin da Salim Atallah, su suka tafi da shi ƙasar Sham, inda ya sha karatun tsofaffin waƙoƙi a hannun masana irin su Usman al-Mausili. Wajen 1917 ya koma Alkahira, ya faɗa titin Imad al-Din, inda gidajen wasa ke jere suna gasar jan 'yan kallo kowane dare. Ya yi wa George Abyad aiki, ya yi wa Najib al-Rihani, ya yi wa abokin hamayyar Rihani, Ali al-Kassar, ya yi wa Munira al-Mahdiyya, daga baya ya kafa ƙungiyarsa ta kansa wadda ta cinye masa kuɗi. Mutum ne mai ci da guminsa, wanda ake miƙa wa baitoci yau a ce gobe ko jibi za a hau dandamali da su.

A nan akwai wani bambanci da ya kamata mai karatu ya riƙe, don in ba da shi ba ba za a gane darajar faya-fayan ba. A al'adarmu makaɗi guda ne ke ƙirƙirar baiti, ya sa masa kari, ya rera shi, 'yan amshi su karɓa. A Masar aikin ya rabu uku: mai rubuta baitoci daban, mai sa musu kari, wanda suke kira mulahhin, daban, mai rerawa, wato mutrib, shi ma daban. Darwish bai shahara da rubuta baitoci ba. Badi' Khairi da Amin Sidƙi da Yunus al-Ƙadi da Bairam al-Tunisi su ne suka riƙe masa alƙalami. Nasa shi ne kari. A ƙarni na sha tara kuwa mai kari ba shi ne sarki ba. Babbar waƙar manya ta lokacin, wadda ake kira dawr, mai kari yakan kafa mata ginshiƙai ne kawai, ya bar wa mai rerawa ya yi ginin yadda ya ga dama: ya maimaita kalma guda sau ashirin, ya lanƙwasa ta, ya yi ta musayar “ah” da 'yan amshi har masu sauraro su fita hayyacinsu don daɗi, abin da suke kira ɗarab. Muhammad Usman, gwanin wannan fanni, ya rasu a 1900 bai bar faifai ba; abin da muka sani na aikinsa ta bakin wasu muka ji shi, kuma kowane baki da irin tasa lanƙwasar. Darwish ya tsara dawr goma, akasarinsu muna da su da muryarsa. Wanda ya saurare su zai ji cewa gini ne da aka gama tun kafin a shiga ɗakin ɗaukar murya: an san inda za a hau, an san inda za a sauya maƙami, wato jerin amon da kari ke bi, an san inda za a sauko, har adon muryar ma an ƙayyade shi. Wani zai ce ai gajartar faifai ce ta tilasta haka, tunda dawr sai an raba shi fuska biyu ko fiye. To amma Manyalawi da Abdul Hayyi Hilmi sun tsaya gaban irin wannan ƙaho, da irin wannan ƙarancin lokaci, kuma faya-fayansu cike suke da sakin jiki da ƙirƙirar nan take. Ashe niyya ce ta bambanta su. Darwish yana so a rera abin da ya tsara kamar yadda ya tsara shi, faifai kuma ya ba shi abin da Muhammad Usman bai samu ba, wato hanyar kafa hujja a kan kowane mai rerawa da zai zo bayansa.

Sai dai inda faya-fayan suka fi yin magana shi ne waƙoƙin gidan wasa, musamman waɗanda ya sa a bakin masu sana'a. Yaƙin Duniya na Ɗaya ya matse Masar matsewa mai tsanani. A watan Disamba na 1914 Turawan Ingila suka shelanta cewa ƙasar ta koma ƙarƙashin kariyarsu, suka kwashi manoma dubbai ɗaruruwa zuwa aikin ƙarfi a fagagen yaƙi, suka karɓe jakuna da raƙuma da hatsi, kayan masarufi suka yi tashin gwauron zabi. A cikin wannan hali Darwish da Badi' Khairi suka riƙa fito da talakawa kan dandamali rukuni-rukuni. Akwai waƙar 'yan ga-ruwa, masu saɓa salka a baya, suna kuka da kamfanin ruwa da ya ja famfo ya kashe musu kasuwa. Akwai ta 'yan dako, da ta ma'aikatan gwamnati, da ta masu kai abinci a teburi, da wata a kan tsadar kananzir. “Salma ya Salama” muryar leburorin da suka dawo gida ce bayan wahalar ƙasar waje. “El Helwa Di” kuwa asubahin masu neman na tuwo ce, mace ta tashi kwaɓa fulawa, maza suna shirin fita aljihu babu ko anini. Mu ma muna da makaɗan sana'a, na maƙera da na mahauta da na manoma, amma su suna tsayawa ne a gefe suna zuga mai sana'a, suna yabon ƙarfinsa da kyautarsa. Darwish shiga yake cikin rigar mai sana'ar ya yi magana da bakinsa. Karin waƙar 'yan ga-ruwa daga kiran tallarsu ya taso, na 'yan dako yana da nauyin mai tafiya da kaya a ka. Masana a Masar suna cewa ya fitar da waƙa daga ɗarab zuwa ta'abiri, ma'ana daga neman daɗin kunne zalla zuwa sa kari ya faɗi abin da kalma ke nufi. A kan takarda wannan zance ne kawai. A faifai kunne na kama shi: ga inda ya ja kalma don gajiya, ga inda ya datse ta don fushi, ga inda ya sake ta da dariya a ƙarƙashi.

Dariyar nan ita ce abin da ya fi saurin ɓacewa bayan rasuwarsa. Faya-fayan Odeon suna nuna waƙoƙi masu sauri, masu tsalle, na gidan wasa inda Rihani ke fitowa a matsayin Kishkish Bey, dagacin ƙauye da ya shigo birni da kuɗin auduga yana watsa su. Ana jin musayar baki tsakanin Darwish da 'yan amshi, ana jin muryar mawaƙiya Hayat Sabri tana karɓa masa, ana jin kwaikwayon harshen baƙin da suka cika Alkahira, irin su Girkawa masu aikin otal. Ana kuma jin fiyano da kayan busa na Turai, domin a gidan wasa ya ajiye ƙaramar ƙungiyar gargajiya da ake kira takht ya ɗauki makaɗa irin na Turai. Wannan ya shafi karin kansa. Maƙamai irin su rast da bayati suna da muryoyin da ke faɗawa tsakanin maɓallan fiyano, ba ta iya fitar da su, don haka yawancin waƙoƙinsa na dandamali suka karkata ga irin su ajam da nahawand waɗanda fiyano ke iya bi. Shekara tara bayan rasuwarsa, a babban taron kiɗan Larabawa da aka yi a Alkahira a 1932, malamai na ta gardama a kan ko fiyano ta dace da waƙar Larabawa. Shi ya riga ya ba da tasa amsa a kan kaki. Ko kishin ƙasar ma a cikin wannan raha ya zo. Lokacin da Turawa suka kori jagoran 'yan kishin ƙasa Sa'ad Zaglul daga ƙasar, farko zuwa Malta a 1919 sannan zuwa tsibiran Seshel, ambaton sunansa ya zama abin jawo fushin hukuma, sai ga waƙar tallar dabino ta bazu a gari, domin akwai wani jan dabino a Masar da ake kira zaglul. Habaici ne irin wanda kowane Bahaushe zai gane, ana yabon dabino kowa ya san wanda ake nufi.

Daga baya aka ɗinka wa waɗannan waƙoƙi wata riga. An sa wa babban gidan wasa na Iskandariyya sunansa a 1962, aka yi fim a kan rayuwarsa a 1966. A 1967 aka kafa ƙungiyar kiɗan Larabawa ta gwamnati ƙarƙashin Abdul Halim Nuwaira, inda maza da mata ke tsayawa sahu-sahu cikin kaya iri ɗaya, gabansu tarin masu goge suna duba takarda, su rera waƙar ɗan ga-ruwa da murya guda cikin natsuwa kamar ana bikin yaye ɗalibai. A 1979 aka mai da waƙarsa “Biladi Biladi” taken ƙasa, Muhammad Abdul Wahab ya gyara shi don ya dace da badujalar soja. Babu mugun nufi a cikin wannan duka, girmamawa ce. Amma girmamawar ta rage sauri, ta goge kaushi, ta cire wasan, har ɗan birni mai barkwanci ya koma dattijo mai wa'azin kishin ƙasa. Wanda ya san Darwish ta wannan hanya kaɗai ya san rabinsa ne, kuma rabin da ya fi sauƙin sarrafawa.

Ƙorafi na farko da za a yi wa wannan ra'ayi a fili yake: faya-fayan ba su da daɗin saurare. Gaskiya ne. Bandiri da ƙyar ake jin sa, udu yakan nutse, fiyano takan yi ƙara kamar ana buga kwano. Har ma saurin juyawar bai daidaita ba a wancan zamani. Juyi 78 da ake faɗa a minti lissafi ne na kusa, wasu kamfanoni sun fi haka wasu ba su kai ba, wanda ya juya faifai da saurin da ba nasa ba zai ji murya ta yi siriri ko ta yi nauyi fiye da yadda take. Amma a duba abin da na'urar ta zubar da abin da ta riƙe. Ta zubar da launin kayan kiɗa. Ta riƙe murya, da yadda ake furta kalma, da inda ake numfashi, da tazarar da ke tsakanin amo da amo, da yanayin gudun waƙar, wanda ɗan kuskuren juyawa ba ya isa ya mai da mai gudu mai rarrafe. A waƙar da aka gina a kan kari guda da kalma, waɗannan su ne ƙashin bayan aikin. Na'urar da ta kurmance ga komai sai muryar mutum ta yi daidai da mawaƙin da dukan fasaharsa ke cikin yadda ake faɗin magana.

Ƙorafi na biyu ya fi nauyi, kuma dole a sallama masa wani sashe. Faifai ba dandamali ba ne. Wasanni irin su “Al-Ashara al-Tayyiba” na 1920 da “Shahrazad” na 1921 dare guda ake kwashewa ana yin su, da 'yan wasa da tufafi da taron 'yan amshi da 'yan kallo masu tafi da ihu. Abin da ya shiga ƙaho guntaye ne, da mutane kaɗan, a ɗaki rufe. Bugu da ƙari ɗan kasuwa ne ya zaɓi abin da za a ɗauka, ya ɗauki wanda yake ganin zai sayu ya bar saura. Duk wannan haka yake, kuma wanda ya ce faya-fayan su ne Darwish gaba ɗaya ya yi ƙari. Sai dai a tambaya: da me za a maye gurbinsu? Da tunanin tsofaffin da suka yi aiki da shi, waɗanda aka tambaya bayan shekara talatin ko arba'in? Da takardun kiɗa da aka rubuta daga baya, waɗanda ba sa ɗaukar kaushi ko dariya? Waɗannan duk suna da amfani, kuma ɗansa Muhammad al-Bahr ya yi hidimar gaske wajen adana abin da ya haddace. Amma tunani yana gyara abin da ya wuce ba tare da mai shi ya sani ba, yana kuma ƙara wa babba abin da ba nasa ba. Shi ya sa adadin waƙoƙin salon muwashshah da ake jingina wa Darwish ke bambanta daga littafi zuwa littafi. Kaki kuwa abin da ya ji ran nan shi ya riƙe. Mai shaidar da ya ga kaɗan da idonsa ya fi wanda ya ji labari mai yawa.

Ƙorafi na uku shi ne wanda zuciya ta fi karkata gare shi. Za a ce waƙa ta mai rera ta ce, ba ta mai faifai ba. Cewa Darwish bai taɓa zama cikin manyan masu zaƙin murya ba, har ana ba da labarin yadda mutanen Alkahira suka karɓe shi da sanyin jiki ranar da Salama Hijazi ya fara gabatar da shi. Cewa waƙarsa “Zuruni” ta fi ratsa jiki a bakin Fairuz ta Labanan. Cewa Sabah Fakhri na Halab ya fi shi iya riƙe dogon numfashi. Cewa Dalida, haifaffiyar Alkahira, ita ta kai sunan “Salma ya Salama” Turai a 1977 a cikin wata sabuwar waƙa. A ƙara da cewa tun yana raye ma wasu ne suka fi rera aikinsa a faifai, irin su Fathiyya Ahmad da Munira al-Mahdiyya da Na'ima al-Masriyya. Ba a musun ko ɗaya. Kari da zai iya rayuwa a baki ɗari ya tabbata kari ne na gaske, kuma matasan da suka rera waƙoƙinsa a dandalin Tahrir a 2011 ba su nemi izinin kowane faifai ba, ba kuma sa bukata. Hausawa na cewa waƙa a bakin mai ita ta fi daɗi. A wannan wuri ba lalle ta fi daɗi ba, ni ma na yarda. Abin da ake nema a bakin mai ita shi ne nufi. Fairuz ta rera “El Helwa Di”, asubahin ma'aikata, da murya mai sheƙi kamar ta mai leƙowa ta taga tana tausayinsu, wannan kuma fassara ce mai kyau. Mutumin da ya taɓa cakuɗa ƙasa a wurin gini daga cikin layin yake rerawa. Sai an ji nasa kafin a gane me Fairuz ta ƙara, me ta rage, a kuma yaba mata a kan sani. Su kuwa faya-fayan Fathiyya da Munira da Na'ima, ai cikin shaidun suke, tunda a zamaninsa aka yi su, yana raye yana ji.

Akwai kuma abin da faya-fayan suka riƙe wanda masoyansa za su so a ce babu. Ali al-Kassar ya yi suna ne da fitowa a matsayin Usman Abdul Basit, mutumin Nuba, yana shafa baƙi a fuska yana karya Larabci don a yi dariya, kuma Darwish ya sa kari a waƙoƙin da ke kwaikwayon harshen Nubawa da 'yan Sudan masu gadi da aikatau a gidajen Alkahira. Masu kare shi suna cewa wannan Usman na Kassar mai wayo ne mai gaskiya, shi ke yin nasara a ƙarshen wasa, kuma waƙoƙin kira suke ga haɗin kan mutanen kogin Nilu. Da gaskiyarsu ta wani gefe. Amma baƙar fata da ya saurara zai ji inda ake dariya da shi da inda ake yi masa dariya, kuma ba za a ce kunnensa ne ya yi ƙarya ba. Haka nan akwai waƙoƙin mashaya wiwi da masu shaƙar hodar iblis, wadda ta addabi Alkahira bayan yaƙi, an yi su da raha da tausayi a haɗe, ba irin abin da ake koya wa 'yan makaranta ba. Ƙungiyoyin gwamnati sun fi son tsallake irin waɗannan su tafi ga na kishin ƙasa. A ganina wannan ma hujja ce a kan amincin faifai, domin shaidar da ke faɗin abin da ba a so a ji ita ce ba a saya ba. Ta nuna mutum ɗan zamaninsa, mai kaifin ido a kan wahalar talaka, wanda duk da haka bai kuɓuta daga wasu ɗabi'un titin Imad al-Din ba.

Ya rasu a Iskandariyya a watan Satumba na 1923 yana da shekara 31, yana shirin tafiya Italiya ƙaro ilimin kiɗa. A kwanakin ne Sa'ad Zaglul ya dawo daga gudun hijirar dole, murnar tarbarsa ta shanye labarin rasuwar. Shekara biyu bayan haka makirufo ya shiga ɗakunan ɗaukar murya, a 1934 gidan rediyon gwamnatin Masar ya buɗe, Abdul Wahab da Ummu Kulsum suka gaji zamanin da ya share wa hanya, da muryoyinsu tas babu yayyafi. Nasa faya-fayan suka koma hannun masu tara tsofaffin kaya, wasu suka fashe, wasu allurar ƙarfe ta cinye su. Waɗanda suka tsira, cibiyoyi irin su AMAR da aka kafa a Labanan a 2009 suna tsabtace su suna mai da su na kwamfuta, da yawansu kuma yanzu suna intanet. Mai karatu da ke da waya a hannu, ya nemi waƙar 'yan ga-ruwa da muryar Shehu Sayyid kansa, ya bi ta da dawr guda daga cikin goman, ya daure wa ƙarar allura na minti ɗaya har kunne ya saba, sannan ya je ga Fairuz.